Rayuwar William Sterndale Bennett, kashi na huɗu: takardar da ta haddasa gaba

A makon jiya mun tsaya inda Bennett, mai tsara kiɗa ɗan Ingila, ya dawo Landan daga Leipzig ta ƙasar Jamus da suna mai kyau. Ya kaɗa fiyano a zauren Gewandhaus na birnin a 1837, Mendelssohn, shahararren mai tsara kiɗa na Jamus, na jagorantar makaɗa, takwaransa Schumann kuma ya sadaukar masa da ɗaya daga cikin manyan ayyukansa. Da ya dawo gida sai koyarwa ta cinye masa lokaci, daga wannan ɗalibi zuwa wancan, musamman bayan ya auri Mary Anne Wood a 1844.

Yau ga abin da ya faru a 1848.

Ƙungiyar kiɗa ta Philharmonic ta Landan ta sa wani kiɗan share fage na Bennett mai suna Parisina cikin jerin abin da za ta kaɗa. Madugun makaɗan a lokacin shi ne Michael Costa, haifaffen Naples ta Italiya, wanda ya karɓi sandar a 1846. Mutum ne mai tsare gida, ba ya ɗaukar gyara daga kowa. Sai a fahimci yadda aikin yake: mawallafi ya rubuta kiɗa a takarda, amma a ranar wasa madugu ne ke yanke saurin da za a bi, da inda za a ɗaga sauti, da inda za a sassauta. Makaɗa kusan saba'in sandarsa suke kallo. In ya ja kiɗan da nawa ko ya yi gaggawa, to haka jama'a za su ji shi, ko mawallafin yana so ko ba ya so.

Saurin da aka bi wurin gwaji bai yi wa Bennett ba. Maimakon ya tari Costa baki da baki, sai ya rubuta 'yar takarda zuwa ga Charles Lucas, ɗaya daga cikin shugabannin ƙungiyar, don ya yi masa magana. A nan aka yi ɓatan kai. Lucas ya miƙa wa Costa takardar yadda take. Maganar da aka tsara don idon aboki sai ga ta a hannun wanda ake ƙorafi a kansa. Costa ya ɗauke ta cin fuska, ya ce ba zai jagoranci kiɗan ba, dole Lucas ya karɓi sandar.

A ganinmu kowa na da nasa laifin, amma na shugabannin ƙungiyar ya fi yawa, don sun kasa shiga tsakani. Bennett ya ga ba su tsaya masa ba, ya ajiye muƙaminsa a cikinta.

Gabar ba ta mutu ba. A 1853 makaɗiyar fiyano Arabella Goddard ta so kaɗa kiɗan concerto (fiyano tare da rakiyar makaɗa) na uku na Bennett a Philharmonic, Costa ya ƙi. A 1862 ma, da aka ba Bennett aikin sa wa baitocin sha'iri Tennyson kiɗa don buɗe babban baje kolin duniya na Landan, Costa ya sake tubure wa, sai wani madugun, Prosper Sainton, ne ya jagoranci wannan ɓangaren. Shekara goma sha huɗu ke nan a kan takarda guda.

Akwai wata wasiƙar kuma ta 1853, daga Leipzig, ana gayyatar Bennett ya zama madugun makaɗan Gewandhaus, kujerar da Mendelssohn ya riƙe kafin rasuwarsa a 1847. Ransa ya biya ƙwarai. Amma tayin ya zo a makare, ba shi da lokacin nema wa ɗalibansa wani malami, don haka ya ba da haƙuri.

Costa ya bar Philharmonic a 1854, Wagner, mai tsara kiɗa Bajamushe, ya riƙe ta kakar 1855 kaɗai, sannan a 1856 aka danƙa wa Bennett sandar. A shekarar ce kuma aka zaɓe shi farfesan kiɗa a Jami'ar Cambridge, garin da kakansa ya raine shi bayan ya zama maraya yana ɗan shekara uku. Yadda ya tarar da kujerar, da gyaran da ya yi wa jarrabawar digirin kiɗa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.