Godiyata bayan gasar folo, musamman ga Baba magini

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, gasar folo, wato wasan ƙwallon dawaki, ta ƙare lafiya a Katsina, baƙi sun koma gida, dawakai sun koma barga. Ina cikin matasan da suka yi aikin sa kai, kuma akwai nauyin godiya a wuyana da nake so in sauke.

Zan fara da Baba, dattijon maginin da ya tsaya mana a kan katangar da wani bawan Allah ya ba mu izinin ƙawatawa a hanyar Filin Folo. Mun zo da fenti da buroshi da hoton doki a waya. Baba ya duba ya ce, "'Ya'yana, doki ai za a gan shi a fili. Ku bari baƙo ya ga hannun Katsina a bango." Ya kwaɓa jar ƙasa, ya shafe, ya ja dagi da yatsa tun tana ɗanya, igiya ɗaya tana shiga tana fita har ta koma inda ta faro. Sau 4 ina gwadawa yana gogewa. A wurinsa na fara ganin yadda ake jiƙa ɓawon ɗorawa a yi makuba don kada ruwan sama ya ci bango. Yana aiki yana ba mu labarin Sarki Dikko da ya kafa wasan nan a garin, da Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, da Baba ya gani da idonsa a kan doki da sanda tun yana yaro. Wallahi na sha wuce irin wannan zane a tsofaffin gidajen cikin gari ban taɓa tsayawa ba sai yanzu.

Ana gobe buɗe gasa wasu suka manna mana fastoci a kan aikin. Na zubar da hawaye. Inna ta gidan ta aiko da ruwan ɗumi tun asuba, yaran unguwa suka taya mu ɓarewa a hankali. Allah ya saka muku da alheri.

Ina gaida yaran barga. Zagaye ɗaya minti 7 ne, doki ya fito jiƙe da gumi, su karɓa su sauya wani, su kwance sirdi, su shayar, ba wanda ya ɗauke su hoto. Haka abokaina da muka riƙa shiga fili a hutun rabin lokaci muna take ramukan da kofato ya ƙwaƙule, da masu raba ruwa cikin rana.

Roƙona ga mai wucewa, don Allah kada a manna komai a katangar nan. Baba, ragowar makubar tana wurina, ranar Asabar in sha Allahu zan zo mu ƙarasa kusurwar gabas.