Na daina bar wa filashi wuƙa da nama

Na daɗe ina barin filashin kyamarata a kan TTL, wato inda shi yake zaɓar ƙarfin haskensa da kansa, don wallahi tsoron lambobin nan nake, in na ga 1/4, 1/16, 1/64 a bayansa sai kaina ya ɗaure. Abin da ya sa na canza, wata rana ina ɗaukar mutum biyu a gaban bango ɗaya, ko motsawa ban yi ba daga inda nake tsaye, ɗaya da farar riga ɗaya da baƙa. Mai farar hotonsa ya fito dishi-dishi, mai baƙar kuwa fuska ta wanke fes, goshi sai ƙyalli. Ashe shi TTL kafin ainihin hasken wani ɗan ƙarami yake fara saki ya auna abin da ya dawo, farin kaya ya dawo masa da haske da yawa sai ya rage, baƙi ya shanye sai ya ƙara, kai kuma kana nan kana zargin hannunka.

A manuwal, inda kai ne kake saita ƙarfin da hannunka, babu wannan canki-cankar. 1/1 shi ne ƙarfin gaba ɗaya, 1/2 rabinsa, haka ake ta rabawa har 1/128 a yawancinsu, kuma abin da ka sa shi zai ta ba ka har sai ka taɓa. Ni a ɗaki daga 1/16 nake farawa, buɗewar idon kyamara a f/5.6, ISO (yadda kyamara take jin haske) a 400, in ɗauka in duba, ya yi duhu in hau 1/8, ya yi yawa in sauka 1/32, ɗauka biyu uku an gama.

Shata kuma, wato labulen da yake buɗewa ya rufe a cikin kyamara, ba ruwanta da hasken filashi, hasken wurin kawai take ƙarawa ko ta rage, don haka in bayan mutum ya yi baƙi ƙirin rage gudunta za ka yi. Kar dai gudunta ya wuce iyakar da kyamararka take iya aiki da filashi, yawanci 1/200 ko 1/250 na sakan. Na taɓa kaiwa 1/500 da mantuwa, rabin hoton ya fito baƙi kamar an ja labule, har gabana ya faɗi na ɗauka kyamarar ce ta lalace.

Inda na fi shan wuya shi ne nisa. Mutum yana mita 2 daga filashi ka saita komai daidai, ya ja baya zuwa mita 4, kai a tunaninka rabin hasken ne zai tafi, ina! Kashi ɗaya cikin huɗu ne zai rage, wato daga 1/16 sai ka koma 1/4. In ka harba filashin sama ya bugi farin silin ya sauko, hasken ya fi taushi sosai amma tafiyar ta ƙaru, dole ka ƙara ƙarfi. Sai dai 1/1 ɗin nan ina gudunsa, batir yake sha, ga jira kafin ya sake cika, mutum ya gama murmushinsa kai kana kallon 'yar fitilar bayan filashi ko za ta kawo.