Yadda na lissafa nisan Kaza da 'Ya'yanta

Daren da aka ɗauke wuta muna zaune a tsakar gida, ƙanwata da ke babbar sakandare ta nuna Kaza da 'Ya'yanta can sama, ta ce, "Yaya, kilomita nawa ne daga nan zuwa can?" Na tuna na taɓa karanta cewa nisansu ya kai parsek 136, wato wani ma'aunin nisan taurari, amma ban taɓa mayar da parsek kilomita ba. Na ɗauko biro da tsohon littafinta na lissafi, ita kuma tana haska min da fitilar waya.

Sai da na fara da shekarar haske, wato tafiyar da haske ke yi a shekara guda. Haske na cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Na ninka da 60, da 24, da kwana 365 da kwata, kalkuleta ta ba ni kilomita biliyan 158. Adadin ya cika ido, har na kusa yarda da shi.

Abin da ya cece ni shi ne rana. Tsakaninmu da ita kilomita miliyan 150 ne, tazarar da masana taurari ke kira AU, kuma haskenta kan iso mu cikin minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi. Ke nan a kwana ɗaya haske na keta wannan tazara sau 173. Da na raba amsata da miliyan 150 sai na samu 1,050 da ɗoriya, tafiyar kwana shida kacal. Ashe 60 ɗaya na tsallake, minti na ƙirga a matsayin daƙiƙa. Da na gyara, sai ga kilomita tiriliyan 9.46, kimanin AU 63,000. Tun daren nan duk amsar da na samu sai na auna ta da minti 8 na rana, sifili kuwa na daina jera su, sai in rubuta 10 da ƙaramar lamba a samansa, don ido ba ya bambance sifili 11 da 12.

Parsek ya fi burge ni, don daga awo na gaske ya fito. Na sa ƙanwata ta ɗaga babban yatsa, ta rufe ido ɗaya sannan ɗayan, ta ga yatsan yana tsalle. Haka tauraro ke ɗan gocewa yayin da duniya ke zagaya rana, kuma da wannan dabara Friedrich Bessel ya auna nisan wani tauraro a 1838. Parsek ɗaya shekarar haske 3.26 ce.

Muka ninka 136 da 3.26, shekarar haske 443 ke nan, sama da kilomita tiriliyan 4,000. Ta daɗe tana kallon sama. Na gaya mata hasken da ke shiga idonta ya baro can tun kafin jihadin Shehu Usmanu na 1804 da fiye da shekara 200. Ta karɓi biron ta ce Zara kuma ita za ta lissafa da kanta.