Ashe katin hoto ba shi da laifi

Mako biyu ke nan ina kwashe tsofaffin faya-fayan DVD na bukukuwan aure da Maulidi da mahaifinmu ya tara a gidanmu na Aboabo, a nan Kumasi, ina mayar da su fayil a kwamfuta da manhajar HandBrake. Na kunna NVENC, wato tsarin sarrafa bidiyo na kamfanin Nvidia, domin katin hoto na Nvidia (sashen kwamfuta mai kula da hoto da bidiyo) ya ɗauki nauyin aikin, amma saurin ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, yanzu ya haura, an jima ya zube.

Da farko katin na zarga, har na buɗe akwatin kwamfutar na kakkaɓe ƙurar hunturu, amma ba ta sake zane ba. Da na duba Task Manager, manhajar Windows mai nuna aikin da kowane sashen kwamfuta ke yi, sai na ga katin zaune yake yana jira, domin na'urar karanta faifan ce ba ta ba shi bayanai a kan kari. Tana karanta bakin faifai da sauri fiye da kusa da ramin tsakiya, kuma a faifai mai hawa biyu, mai ɗaukar gigabait 8.5, hawa na biyu yakan faro daga baki ya koma ciki, sai saurin ya riƙa raguwa. Inda faifan ya karce kuwa, wanda laifin yaran gidanmu ne, sai ta yi ta maimaita karatu. Ga kuma tacewar da ke daidaita layukan hoto, wadda ƙwaƙwalwar kwamfuta (CPU) ke yi, ba katin ba.

Yanzu ina fara kwafe faifan zuwa SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri ta kwamfuta, da manhajar MakeMKV, sannan in juya shi da HandBrake, kuma saurin ya daidaita. Saura faifai 14.