Abin da haikalin Jagannath ke koya wa mai nazari

Kuskuren da mai nazarin addinin Hindu ya fi yi a kan haikalin Jagannath da ke Puri, a jihar Odisha ta Indiya, shi ne ya ajiye hikaya gefe, ya ajiye aikin hannu gefe. A Puri kuwa tare suke tafiya.

Ginin na ƙarni na 12 ne, Sarki Anantavarman Chodaganga ya fara shi. Manyan gumakan cikinsa uku, Jagannath da wansa Balabhadra da ƙanwarsu Subhadra, da itacen darbejiya ake sassaƙa su. Hikayar ta ce teku ce ta turo wani gungume, Sarki Indradyumna ya damƙa shi ga wani tsohon masassaƙi. Tsohon ya ce a rufe shi kwana 21, kada kowa ya leƙa. Da aka daina jin sara, sarauniya ta ƙagu, aka buɗe ƙofa. Masassaƙi ya ɓace, ga gumaka ba a ƙarasa ba, babu tafin hannu, babu ƙafa. Har yau haka ake sassaƙa su, da gangan.

Itace kuwa ba ya jure ruwa kamar dutse. Sau ɗaya a shekara ake yi musu wanka da tulu 108, daga nan a ce zazzaɓi ya kama su, a ɓoye su kusan kwana 15. Ruwan ya wanke launin jikinsu, a lokacin ake sake shafa shi. Ɗalibin da ya rubuta "gyaran fenti" kawai ya yi rabin aiki, don masu hidimar har maganin gargajiya suke miƙa musu, kamar masu jinya.

Idan watan Ashadha na kalandar Hindu ya zo sau biyu a shekara, akan sauya gumakan baki ɗaya, kamar yadda aka yi a 1977 da 1996 da 2015. Ba kowace darbejiya ake sara ba. Ana neman wadda tsuntsu bai yi sheƙa a kanta ba, da suri a kusa, da alamu a jikinta irin na katantanwa. Bayan an sassaƙa sababbin gumakan, cikin dare ake kashe wutar garin. 'Yan gidan Daitapati, wata zuri'ar masu hidimar haikalin, ido a ɗaure, hannu a naɗe da ƙyalle, su ciro abin da ke cikin tsohon gunki, wanda suke kira brahma, su mayar cikin sabon. Tsofaffin gumakan a binne su a Koili Baikuntha, cikin harabar haikalin, 'yan Daitapati su yi zaman makoki su yi aski, kamar yadda suke yi in ɗan'uwa ya rasu.