Alhamdulillahi, takarda ta fito: godiya ga waɗanda suka tsaya min

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. Takardar kwamitin da ya bincike ni kan yadda na sayi kayan gyaran janaretar ɗakin bincikenmu da tsakar dare ta fito, an wanke ni tas, an kuma ba da umarnin a mayar min da kuɗina da na zuba a dizal. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, ku yi min afuwa. Tun da na karanta ta jikina ya saki, in ba salla ba babu abin da ke tayar da ni daga kwance.

Ba zan maimaita labarin ba, kun bi shi tun daga duhun nan na Oktoban 2024, lokacin da layin wuta na Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi, ga na Shiroro zuwa Kaduna a kwance tun da aka lalata shi, Arewa ta haura mako ba lantarki. Kowa ya san abin da ya rasa a kwanakin nan, daga mai ƙanƙara har mai walda. Mu namu tashin hankalin firiza ce guda ɗaya da muke ajiye samfuran jinin yara masu sikila a cikinta, wadda dole ta zauna a digiri 80 ƙasa da sifili dare da rana.

Ni ba likita ba ce, kuma ban taɓa riƙe bututun gwaji da sunan aiki ba. Nawa a ɗakin bincikenmu takarda ne: bauca, rasiɗi, odar safar hannu da sinadarai, alawus ɗin masu karɓar bayanai, sabunta izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin ya ƙare, tikitin Farfesa in zai yi tafiya. Amma takardun amincewa a kabad ɗina suke kwana, makullin yana jakata. Su masu gwaji lamba kawai suke gani a jikin ƙaramar kwalba. Ni kuwa na ga dangwalen yatsan uwar da aka karanta wa takarda da Hausa, ta yi shiru, sannan ta miƙa hannun ɗanta mai sikila aka ɗebi jini. A ƙasar da ake ƙiyasin ana haifar jarirai kusan 150,000 da wannan ciwo duk shekara, ba don kuɗin mota matan nan suka yarda ba. Kuma jinin yaron da da ma jinin bai ishe shi ba, da wane ido za ka koma ka ce wa uwarsa na farko ya lalace, a ƙara?

Abin da ke raina ke nan a daren da janareta ya yi tari ya mutu. Baba mai gadi ne ya kira ni, Abban yara ya tashi ya kai ni ba tare da ya tambayi komai ba. Batiran inbata sun riga sun ƙare tun da yamma. Gini duk duhu, sai ƙararrawar firiza tana ta kuka da ɗan batirinta, da lambar da ke jikin ƙofa. Na duba na ga 71. Ga wanda bai sani ba, a wannan firizar raguwar lamba ɗumi ne yake shiga. Wallahi hannuna har ya kai kan mariƙin ƙofa, ban san me nake son gani ba. Yarinyar nan mai kula da gwaje-gwajenmu tana kan waya, Farfesa ya tura ta wani gari ɗibar samfur, ta ce, "Anti, don girman Allah ko leƙawa kada ki yi. Sanyin da ya rage a ciki shi ne kawai muke da shi." Ta ce jinin da za a cire DNA daga cikinsa yana da juriya, amma ruwan jini in ya narke ya sake daskarewa, wasu gwaje-gwajen ba za a ƙara amincewa da sakamakonsu ba. Sai na sulale na zauna a ƙasa.

A nan ne Baba ya ce, "'Yata, ba ni littafin nan da kuke rubutu safe da yamma." Ashe duk shekarun nan yana lura da mu. Ya jawo tabarmarsa gaban firiza, ya cire agogon hannunsa ya ajiye a kan gwiwa, ya saƙale tocila a ƙarƙashin hula. Ya ce, "Ki tashi ki nemo mai gyara. Lamba ki bar min." Baba bai yi boko ba, amma yana gane lamba in ya gani, sai dai da lambobin Larabci yake rubutawa, yadda ya koya a gaban malaminsa. Duk kwata na awa ya haska, ya rubuta lokaci, ya rubuta lamba, ya koma kan carbinsa. Duk shigowar da na yi sai in tarar an ƙara layi: 68, 66, 63. Bai taɓa ce min kada in damu ba. Karanto min lambar kawai yake yi da murya ɗaya, har janareta ya tashi gab da kiran assalatu, firiza tana kan 58.

Wannan shafin nasa shi ya tsaya min a gaban kwamiti. Da aka zo maganar ko samfuran sun ɗumama fiye da yadda muka rubuta wa masu ba da tallafi, aka sauke bayanan ƴar na'urar da ke naɗar sanyi aka ajiye kusa da rubutun Baba. Wani dattijon farfesa a cikinsu ya gyara tabarau ya dinga karanto lambobin Larabcin, akawu yana duba na kwamfuta. Layi bayan layi suka yi daidai. Na san Baba ba zai so wannan rubutun ba, zai ce don Allah ya yi, a rufa masa asiri. Baba, ka yi haƙuri, na kasa. Allah Ya saka maka da gidan Aljanna, Ya raya maka zuri'a, Ya kai ka Makka da ƙafarka, Ya sa kada ka taɓa neman mataimaki ka rasa.

Oga makanike na Sabon Gari, da ya baro iyalinsa da tsakar dare ya gano gurɓataccen dizal ne ya toshe famfon mai, da ɗan'uwansa da ya buɗe shago a wannan lokacin ya ba da kaya a kan amana, ya ce rasiɗi sai da safe: na gode, Allah Ya yi wa kasuwarku albarka. Wannan rasiɗin na safe shi ne ya zama abin tuhuma, wai ina farashin ƴan kasuwa uku da ƙa'idar sayen kaya ta tanada. Ƙa'idar na san ta, ni ce ma mai hana mutane kuɗi in ba su cika ta ba. Amma har yau ina jiran wanda zai nuna min shaguna uku da ke buɗe da ƙarfe biyun dare.

Direbanmu, wanda ya ɗauko busasshiyar ƙanƙara washegari da gilasan mota a sauke duk ƙurar hanya, saboda an gaya masa iskar da take fitarwa tana iya shaƙe mutum a rufaffiyar mota. Shugabar ɗakin gwajin da ke maƙwabtaka da mu, wadda ta matsa nata kayan ta ba mu gurbi a firizarsu mai sola, ta kuma zo da kanta ta ba da shaida ba a kira ta ba. Hajiyarmu ta ofishin kuɗi da ta zauna da ni bayan an tashi muna jera rasiɗai. Farfesa, ranka ya daɗe, kalmar da ka rubuta cewa da kana gari abin da za ka yi ke nan, ta fi min ƙarin girma. Allah Ya biya ku, Ya tsare ku daga sharrin tuhuma, Ya jiƙan iyayenku.

Abban yara, kai da ka ci abincin saye ba ƙorafi, ka kuma ba ni kuɗin makarantar yara na zuba a dizal, bakina ya yi kaɗan. Inna, addu'arki ta kama.

Akwai kuma waɗanda na zaci su zan fara gani. An yi fushi da ni don ban zo kamu da yinin biki ba, aka ce ai sakatariya ce kawai, me za ta tsare a ofis da dare. Watannin da na yi ina hawa da sauka, ko "ya ake ciki" ban samu ba. Ba komai, zumunci na nan, na kuma ga saƙonnin barka tun jiya.

Ya Allah Ka ba yaran nan masu sikila lafiya, Ka sassauta musu ciwon ƙashi, Ka ba iyayensu juriya da abin sayen magani. Ka sa binciken nan ya zama sanadin sauƙi. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a cikinsu, Ka sa su zama masu ceton iyayensu. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Ranar Litinin in Allah Ya kai mu zan koma ofis. An amince a saya mana sola, don haka masu wannan sana'a ku kawo farashi a rubuce, da hatimin kamfani, mutum uku nake nema. Sannan wanda ya ara mana babbar kula mai shuɗin murfi, tana nan a bayan teburina, a zo a ɗauka ko a faɗa min inda zan aika.