Tomalin: yadda launi ke yanka farashin dutse

Tomalin dutse ne mai daraja da ake yin kayan ado da shi. Yawancin wanda ake tonowa baƙi ne ƙirin, haske ba ya ratsa shi, kuɗinsa kuma kaɗan ne. Wanda ake nema shi ne mai launi, garai-garai. Duk dangi ɗaya ne, sinadarin boron ne ya haɗa su, amma ƙarfen da ya shiga jikin dutsen lokacin da yake ginuwa shi ke ba shi launi. Baƙin ƙarfe kan ba da baƙi, kore ko shuɗi mai duhu. Manganis na ba da ja da ruwan hoda. Wani ma cikinsa ja ne, bayansa kore, kamar kankana.

Sarkinsu shi ne Paraiba, mai shuɗi ko kore mai walƙiya, kuma jan ƙarfe ne sirrinsa. Heitor Dimas Barbosa ya gano shi a jihar Paraiba ta Brazil a ƙarshen shekarun 1980. Bayan shekara ta 2000 aka sami irinsa a Najeriya, sannan a Mozambik. Sai dai ido kaɗai ba ya tabbatar da jan ƙarfe, sai ɗakin gwaji. Duk wanda ya biya kuɗin Paraiba ba tare da takardar gwaji ba, caca ya yi.

A Najeriya ana tono tomalin a Oyo, Kwara da Nasarawa, cinikinsa kuma ya fi ƙarfi a Ibadan da Jos. Awo da giram ake yi, giram ɗaya karat biyar ne (karat shi ne ma'aunin nauyin duwatsu masu daraja).

Kafin ka taya, wanke dutsen. Na gaske yana da zane-zane a tsawonsa, bakinsa kuma kusurwa uku ne masu ɗan lanƙwasa. Haska tocila ta gefe, sannan ta kai. Nan mutane da yawa ke faɗuwa: tomalin ya fi duhu idan aka dube shi ta kai, wani ma a toshe yake gaba ɗaya. Irin wannan, ko gefensa ya yi kyau, idan aka yanka shi yakan fito da duhu, farashinsa ya zube. Duba tsaga kuma, domin nakiyar da ake fasa dutse da ita tana barin tsaga a ciki, kuma mai yanka zai zubar da wajen. A hasken rana za ka yanke hukunci, domin ƙwan lantarki mai ja-ja yana ƙara wa jan dutse kyan da ba nasa ba.